Tankin da ke kan rufi: hawa da saukar hitar sola a ƙauyukan ƙasar Sin

Kusan kashi 70 cikin ɗari na dukkan na'urorin ɗumama ruwa da zafin rana da ke aiki a duniya a ƙasar Sin suke, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu yana kan rufin gidajen manoma da na ƙananan garuruwa. Duk wanda ya ratsa karkarar Shandong ko Jiangsu ko Yunnan zai gani da idonsa: tankin ƙarfe a kwance bisa ƙafafu, jerin bututan gilashi masu duhu sun gangaro daga cikinsa suna fuskantar kudu, gida bayan gida. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa 2013 wannan hita ta sola ta tashi daga kayan gwaji na jami'a ta zama kayan gida da ake lissafawa tare da firji da talabijin. Daga 2014 kuma kasuwarta ta fara zamewa, har sababbin da ake kafawa a shekara suka ragu da fiye da rabi. Hawan da saukar duka suna da dalilai, kuma a ganina dalilan saukar sun fi amfani ga mai neman darasi.

Aikinta ba shi da wata sarƙaƙiya. Kowane bututu gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar cikin fulas ɗin shayi, don kada zafin da ya shiga ya sami hanyar fita. Gilashin ciki an shafa masa wani baƙin sinadari mai shan hasken rana. Ruwan da ke cikin bututun idan ya yi zafi sai nauyinsa ya ragu ya hau tanki, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, su yi ta zagaye har faɗuwar rana. Babu inji, babu batir, babu waya. Tankin yawanci yana cin lita 150 zuwa 200, an naɗe shi da soso mai riƙe zafi, shi ya sa ruwan la'asar yake kaiwa safiya da sauran zafinsa. Kada a haɗa ta da farantin sola da muka sani. Shi faranti kimanin kashi 20 na hasken da ya sauka kansa yake mayarwa lantarki, ita kuwa wannan tana kama wajen rabi a matsayin zafi kai tsaye.

Tushen abin yana Jami'ar Tsinghua da ke Beijin, inda Farfesa Yin Zhiqiang ya samo hanyar shafa wancan baƙin sinadari cikin araha a shekarun 1980. Daga nan 'yan kasuwa suka karɓa. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Huang Ming, injiniya a fannin man fetur, wanda ya kafa kamfanin Himin a birnin Dezhou a 1995, ya riƙa tura motoci gari-gari ana nuna wa mutane yadda rana kaɗai ke zafafa ruwa. Kafin a jima masana'antu sun kai dubbai, da yawansu ƙananan rumfuna ne masu sayen bututu a nan, tanki a can, su haɗa su liƙa suna. Garuruwa irin su Haining da Lianyungang suka zama matattarar sana'ar. Gasar ta karya farashi. A birnin Rizhao, wajen 2007, ana samun hitar a kan kimanin dala 190, kusan daidai da kuɗin hita mai aiki da lantarki, ga shi bayan an biya shi ke nan, babu bil a ƙarshen wata. A lokacin kashi 99 na gidajen tsakiyar birnin suna amfani da ita, ƙauyukan kewaye kuwa sun haura kashi 30.

Amma araha kaɗai ba ta sa manomi ya ciro kuɗi. Abin da ya ja hankalinsa shi ne wanka. A arewacin Sin, inda ruwa ke daskarewa watanni, a da ɗumama ruwan wanka yana nufin cika babban kaskon girki, a hura masa karan masara ko kwal, a kwashe a kai ɗaki mai sanyi. Saboda haka mutane da dama a ƙauye sukan jima ba su yi cikakken wanka ba da hunturu, sai idan an shiga gari a biya a gidan wanka na haya. Sai ga miliyoyin matasa sun tafi ƙwadago biranen bakin teku, sun saba da shawa, suna aiko kuɗi gida. Da kuɗin nan aka gina sababbin gidaje na bulo da siminti, galibi don ɗa zai yi aure, kuma sabon gida ba ya cika sai da banɗaki mai tayil da ruwan zafi. A daidai wannan lokaci ruwan famfo yana isa ƙauyuka. Rufin siminti mai ɗaukar nauyi, ruwa mai hawa sama da kansa, kuɗi a hannu, da sha'awar kada maƙwabci ya fi ka: waɗannan huɗun su suka sayar da hitar. Batun sauyin yanayi a taron manya ake yin sa, manomin Henan bai sayi tanki dominsa ba.

Gwamnatin tsakiya daga baya ta shigo. Shirinta na kai kayan lantarki karkara an fara gwada shi a ƙarshen 2007 a Shandong da Henan da Sichuan, aka faɗaɗa shi ƙasa baki ɗaya a Fabrairun 2009, lokacin da rikicin tattalin arzikin duniya ya tsayar da fitar da kaya waje, masana'antu suna neman inda za su juye hajarsu. Manomi ya sayi kaya, gwamnati ta mayar masa da kashi 13 na kuɗin. A 2009 aka saka hitar sola cikin jerin, kuma shirin ya ƙare a farkon 2013. Kula da tsarin faruwar abin: kasuwa ta riga ta kafu, dillalai da masu kafawa suna nan a kowace hedikwatar gunduma, sannan tallafi ya zo ya ƙara mata gudu.

To, me aka samu? Lissafin makamashin mai sauƙi ne. Ɗaga zafin lita 100 na ruwa da digiri 30 yana cin kimanin yunit uku da rabi na lantarki. A buɗaɗɗen murhu, inda kashi 10 zuwa 15 kacal na zafin wutar ke shiga tukunya, wannan aiki zai cinye busasshen itace kilo biyar zuwa takwas. Idan aka ninka da kwanakin shekara da miliyoyin gidaje, adadin yakan ba da sha'awa, kuma irin wannan ninkin ne ake ɗaukowa a ce ga tan kaza na kwal da aka ceta. A nan nake da ja. Lissafin yana ɗauka cewa gidan da ya sayi hita dama can yana ɗumama lita 100 kullum da kwal, alhali ba haka ba ne. Yawancin ruwan zafin da hitar ta kawo sabon amfani ne. Wanda a da yake wanka jefi-jefi da hunturu ya koma yi a kai a kai, mai wanke-wanke ta daina tsoma hannu cikin ruwa mai kama da ƙanƙara, tsoho da jariri suka sami ruwan ɗumi ba sai an hura wuta ba. Ribar gaskiya tana wajen tsafta da sauƙin aikin mata da mutuncin gida. Ragin makamashi ya samu, amma bai kai yadda ake kwarzanta shi ba. Idan da abin da hitar ta hana, to shi ne wutar lantarkin da waɗannan gidaje za su ja in da hitar lantarki suka saya, a ƙasar da kwal ke ba da mafi yawan wutarta.

Hayaƙi ma bai gushe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, amma girki da ɗumama ɗaki su ne manyan masu laifi. Gidan da ya ɗora tanki a rufi ya ci gaba da hura wuta ƙarƙashin kang, gadon tubalin da suke kwana a kai, kamar yadda ya saba.

Sai kuma matsalolin da dillali ba ya faɗa. Mafi yawan hitocin ƙauye ruwa yana cikin bututan ne kai tsaye, don haka bututu ɗaya ya fashe, tanki duka ya tsiyaye. Idan tanki ya ƙafe da rana tsaka aka sako masa ruwan sanyi, gilashin yakan tsage nan take. Inda ruwan ƙasa ke da gishiri-gishiri, farin ɓawo yakan taru ya toshe bututan. Da hunturu fayif ɗin da ya sauko daga rufi yakan daskare, a daidai lokacin da aka fi bukatar ruwan, sai an naɗa masa waya mai ɗumi, wadda ita ma lantarki take ci. Hadari ya yi kwana uku, babu wanka. Ƙananan masana'antun nan kuwa da suka yi tanki da siririn ƙarfe, da yawansu sun rufe kafin kayan su yi tsatsa, mai gida ya rasa wanda zai kira. Hita mai kyau tana iya shekara goma sha biyar, ta banza ba ta kai rabin haka, kuma ta banzan ce ta ɓata wa sana'ar suna.

Da tallafi ya ƙare sai aka gane cewa wani ɓangare na cinikin 2009 zuwa 2013 cinikin gobe ne aka ci yau: wanda zai saya nan da shekara uku ya gaggauta don kada rangwame ya wuce shi. Masu hali sun riga sun saya. Ƙauyukan kansu suna raguwa, domin tun 2011 mazauna birane suka zarce rabin al'ummar ƙasar, kuma mai ɗaki a hawa na goma sha biyu ba shi da rufin kansa. Wutar lantarki ta isa ko'ina, ta kuma tsaya da ƙafarta. Gas ya shiga. Ga kuma wata na'ura mai zuƙo zafi daga iska ta zuba shi cikin ruwa, wadda da yunit ɗaya take ba da zafin kusan yunit uku, ba ruwanta da hadari. Mutumin da hitar sola ta koya wa wanka kullum shi ne ya fara ƙin jiran rana. Kamfanonin da suka tsira sun karkata ga manyan ayyuka, otal da asibiti da makaranta da rukunin gidaje.

Afirka ta Kudu ta bi ta ɗaya hanyar, wato gwamnati a gaba, kasuwa a baya. Ta ɗaura niyyar kafa hita miliyan ɗaya kafin 2014, ta tsaya wajen dubu ɗari huɗu. Daga baya ma'aikatar makamashi ta sayi wasu kimanin 87,000, suka yi shekaru a sito ana biyan kuɗin ajiya, domin ba a tanadi masu kafawa da gidajen da suka dace ba.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, tun daga 1969, kuma an ƙera hitocin sola a Yamai tun kafin Himin ya zo duniya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ita ma ta ƙera nata. Bukatar kuma tana nan. Wankan jego kaɗai, safe da yamma har kwana arba'in, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, yana cinye tulin itacen da mai gida ke fara tarawa tun ciki bai tsufa ba.  Ga ruwan alwalar asuba da na wankan yara da sanyin hunturu. A nan, saɓanin ƙauyen Sin, itacen ana ƙona shi tun yanzu, saboda haka ragin zai zama na gaske.

Sai dai abubuwa huɗun da suka sayar da hitar a can, kusan babu ko ɗaya a ƙauyenmu. Tanki cike da ruwa ya haura kilo 200, rufin azara da laka ko na kwano ba zai ɗauka ba, sai an gina masa dandamali a ƙasa. Gidan da yarinya ke ɗebo ruwa a jarka daga rijiya ba zai iya cika tanki a sama kullum ba. Watannin da aka fi son ruwan zafi su ne na hazo, lokacin da rana ke dusashewa, ƙura ke kwanciya kan gilashi, sai an riƙa gogewa. Sauran watannin kuwa ruwan randa ake nema, don haka kuɗin da aka kashe zai daɗe bai dawo ba. Mai gyara ma babu shi kusa.

Inda lissafin ke fita shi ne wurin da aka riga aka haƙa burtsatse da tankinsa a sama, kuma jama'a da yawa ke bukatar ruwan zafi: ɗakin haihuwa na asibitin karkara, makarantar kwana, babbar tsangaya, ko wata mata a unguwa da za ta riƙa sayar da shi bokiti-bokiti ga masu jego. Duk shugaban ƙaramar hukuma ko ƙungiyar da ke shirin raba wannan hita gida-gida, ya fara koya wa masu gyaran famfo biyu a garin yadda ake canza bututu, ya tabbatar akwai shagon da ke sayar da shi a kasuwar mako, sannan ya yi odar tankuna.