Gidan tarihin Batikan: cunkoso da abin da yake ɓoyewa

Ƙasar Batikan duka-duka hekta 44 ce a tsakiyar birnin Rum, amma kowace shekara mutum fiye da miliyan 6 ke bi ta ƙofa guda a jikin ganuwarta don shiga gidan tarihin Fafaroma. Fadoji ne da zauruka da farfajiyoyi da aka yi ta ƙarawa sama da shekara 500, ɗauke da kaya kusan 70,000, waɗanda kimanin 20,000 kawai ake nunawa. Wanda ya ce sai ya bi ko'ina, tafiyar kusan kilomita 7 ke gabansa. Yawancin baƙi kuwa abu ɗaya ya kawo su, wato Cocin Sistin da ke can ƙarshen hanya, sai su riƙa wuce sauran da sauri, ido na kan allon da ke nuna kwana. A ganina wannan asara ce babba.

Tushen gidan wani mutum-mutumi ne na dutsen marmara. A watan Janairun 1506 aka tono shi a wata gonar inabi a Rum: Lawokon, wani boka na tatsuniyar Girkawa, da 'ya'yansa biyu, macizai sun nannaɗe su. Fafaroma Juliyas na Biyu ya aika masana su duba, cikinsu har da mai zane Mikelanjelo, daga nan ya saye shi. An same shi ne babu hannun dama, sai masu gyara suka sa masa wani a miƙe sama. Sai bayan shekara 400 wani dillalin kayan tarihi, Ludwig Pollak, ya tsinci hannun na asali a wurin wani masassaƙin dutse, ashe a lanƙwashe yake zuwa bayan kafaɗa. Shi ne a jikinsa yau. Ka tsaya kusa ka dubi jijiyoyin cinyarsa da bakinsa da ya buɗe kaɗan, za ka manta dutse ne.

Mai karatu zai iya tambaya, me gumakan maguzawan Girka da Rum ke yi a fadar shugaban Katolika? Ko a cikin cocin an yi wannan gardama. Fafaroma Piyus na Biyar ya kwashe da dama daga cikinsu a 1566 ya bayar, don yana ganin ba su dace da gidansa ba. Waɗanda suka biyo baya suka ɗauke su a matsayin aikin hannu da shaidar tarihi, suka ci gaba da tarawa. Napoliyon ma ya kwashi mafi kyawunsu zuwa Paris bayan 1797, aka dawo da yawancinsu bayan faɗuwarsa.

Akwai dogon zauren taswirori mai tsawon mita 120, da taswira 40 na yankunan Italiya a jikin bango, aikin da aka yi a zamanin Fafaroma Giregori na Goma Sha Uku, wanda ya gyara kalandar Miladiyya a 1582. Nan cunkoso ya fi tsanani, kamar bakin kasuwa ana gobe Sallah.

Inda ya kamata a daɗe shi ne ɗakunan mai zane Rafayel. A ɗakin da Juliyas ya keɓe wa littattafansa, Rafayel ya zana taron masu falsafa tsakanin 1509 da 1511, Aflatun da Aristo a tsakiya. Duba gefen hagu daga ƙasa. Akwai wani mai rawani da ya sunkuyo, hannunsa a ƙirji, yana leƙa littafin da wani ke rubutu a ciki. Masana sun tafi a kan cewa Ibn Rushd ne, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, wanda ta sharhinsa jami'o'in Turai suka karanci Aristo. Malamin Musulunci a bangon ɗakin karatun Fafaroma, dubban mutane kuma na wuce shi kullum ba su sani ba.

Cocin Sistin kansa ɗaki ne dogo, rufinsa ya kai kimanin mita 20 daga ƙasa. Mikelanjelo ya zana rufin daga 1508 zuwa 1512, a tsaye kan dandamalin katako, wuyansa a karye baya. Dabarar zanen ita ce a shafa launi a kan ɗanyen yaɓe na farar ƙasa. Yayin da yaɓen ke bushewa sai ya haɗiye launin, ya zama jikin bango. Saboda haka kowace safiya iya abin da za a gama a ranar ake yaɓawa, kuskure kuma sai dai a kankare. Mikelanjelo ya dawo ya zana Ranar Hisabi a bangon gaba daga 1536 zuwa 1541, kuma bayan mutuwarsa aka sa wani mai zane ya rufe tsiraicin mutanen ciki da ƙyallaye. A wannan ɗakin manyan limaman Katolika ke kulle kansu su zaɓi Fafaroma, kamar yadda suka zaɓi Liyo na Goma Sha Huɗu a Mayun 2025.

Abin da ke barazana ga zanen yanzu shi ne masu kallonsa. Numfashi da gumi da ƙurar takalma na dubban mutane suna ƙara zafi da danshi, suna bin bango. A 2014 aka sa sabbin na'urorin tace iska da sanyaya ɗakin, da fitilu marasa zafi. Ba a ɗaukar hoto, masu gadi kuma ba sa gajiya da cewa a yi shiru. Na'ura na taimakawa, amma ni dai ina ganin rage yawan masu shiga a lokaci guda ne maganin gaskiya, ko da kuɗin tikiti zai ragu.

Sashen da aka fi tsallakewa shi ne Anima Mundi, inda kayan Afirka da Asiya da Amurka da tsibiran teku suke. Ya samo asali ne daga baje kolin da Fafaroma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya shirya a 1925, inda 'yan mishan suka aiko da kaya daga ko'ina. Fadar Batikan na cewa yawancinsu kyauta ne. Wasu al'ummomin da aka ɗebo daga wurinsu na cewa kyautar zamanin mulkin mallaka abar tambaya ce. Mu da muke bibiyar dawowar tagullan Benin mun san wannan zance. A 2023 Fafaroma Faransis ya mayar wa Girka gutsattsarin dutse uku na haikalin Fatenon, kuma ya kamata a ci gaba da haka.

In Allah Ya kai ka Rum, sayi tikiti tun da wuri a shafin gidan na intanet, ka sa tufafin da ya rufe kafaɗa da gwiwa, don sai da haka ake shiga. Lahadin ƙarshen wata kyauta ce, amma layinta ya fi na kullum tsawo. Zaɓi wurare uku ko huɗu ka ba su lokacinka, kuma kada ka fita ba ka nemi Ibn Rushd ba.