Kankana Ba Ta Yi Laifi Ba, Duma da Guna Muke Yarwa

Tun da aka fito da masarar TELA a 2024, wadda masanan Samaru ta Zariya suka yi aikinta, har Majalisar Wakilai ta tsoma baki, duk amfanin gonar da ya yi girma ko zaƙi fiye da yadda aka saba ya shiga zargin an sauya masa ƙwayar halitta. Kankana ma ba ta tsira ba. Hujjar masu tuhumarta ita ce, in ka shuka 'ya'yanta ba ta haifo mai kama da uwar, wata ma ba ta da 'ya'yan sam. To, amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayar halitta aka miƙa wa manoman Najeriya auduga ce da wake da masara. Babu kankana a ciki.

Amsar tana jikin furenta. Kankana 'yar gidan duma ce, dangin da masanin tsirrai na Faransa, Jussieu, ya raɗa wa suna Cucurbitaceae a 1789, mai nau'i kusan dubu: kabewa, guna, agushi, gurji, garahuni, soso, kokwamba. Yawancinsu yaɗo suke yi, da ɗan zare mai nannaɗe duk abin da ya taɓa. A jikin yaɗo guda akwai fure namiji daban, mace daban, ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. Sai ƙudan zuma ya kai garin wancan ga wannan kafin a samu ɗa, shi kuwa ba ya tambayar gonar wane ce. Ya taso daga guna ya sauka kan kankana, ta bana lafiya lau, amma irin da ka ajiye baɗi zai ba ka mai fari a ciki, lami ko ɗaci. Irin gwangwani kuma dama auren iri biyu ne, jikokinsa rarrabuwa suke yi. Marar 'ya'ya ma tsohon aiki ne, Hitoshi Kihara na Japan ya wallafa dabararsa tun 1951.

Ɗacin nan shi ne abin tsoro na gaskiya. Guba ce da dangin suke kare kansu da ita, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kabewar da ta yi ɗaci zubarwa ake yi. Iyayenmu mata sun san haka, shi ya sa sabuwar ƙwarya sai an jiƙa ta an kankare kafin a dama fura a ciki.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne, muna ta ƙorafi kan irin baƙi alhali namu yana salwanta a hannunmu. Kabewa baƙuwa ce, daga Meziko ta taso. Amma kankana 'yar Afirka ce, wani bincike na 2021 ya nuna 'yar'uwarta mafi kusa tana Kordofan ta Sudan, ƙasar rairayi irin ta Gumel. Duma ma namu ne, kuma yana cikin tsirran farko da ɗan Adam ya shuka. An tono ɓawonsa a nahiyar Amurka mai shekara kusan 10,000, ana kyautata zaton teku ya bi da kansa. Furensa fari ne, da almuru yake buɗewa, ƙwarin dare ke yi masa hidimar da zuma ke yi wa kabewa.

Duba abin da aka fitar daga tsiro guda: masaki, ƙwarya, ƙoƙo, ludayi, gora, jallo, buta, zungurun lalle, shantu da ƙoƙon goge. Kowanne da irinsa, wanda kakanni suka tace shekara da shekaru har siffarsa ta zauna. Gyartai ma sana'arsa ce ɗinke ƙwaryar da ta tsage. Yau shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka gwada rumfunan roba da na ƙwarya. Ko mai tallar nono ta fara komawa bokiti. Irin duma kuwa in an bar shuka shi 'yan shekaru, ya tafi ke nan.

Guna ta fi ban takaici. Ana cusa ta cikin gero a ƙarshen damina, ta rayu da ɗan laimar da ta rage, ta shimfiɗe kan jigawa lokacin da iskar hunturu ke kwashe ƙasa, ta ba da mai a 'ya'yanta, dabba ta ci saura. A Sule Tankarkar da Gagarawa, inda kullum ake kukan hamada, wane tsiro ne ya fi wannan dacewa? Amma taron noma a Dutse na shinkafa ne da alkama da riɗi da zoɓo.

Gwamnatin tarayya tana da rumbun ajiyar iri a Ibadan, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Kwalejin Ilimi a cikin garin Gumel. Me zai hana shugabannin ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa, tare da masarautar Gumel, su tura ɗalibai ƙauye-ƙauye bayan kaka, su karɓo irin duma da guna daga tsofaffin da suka rage, a rubuta sunan kowanne da garin da ya fito? Kuɗin aikin bai kai na motar shugaban ƙaramar hukuma guda ba.