Masu Zana Ƙattan Ƙarfe a Japan

A shekarar 2005 kamfanin Production I.G na Japan da tashar Cartoon Network ta Amurka suka haɗa gwiwa suka fitar da wani shirin zane mai motsi mai suna IGPX, kashi 26, wanda Mitsuru Hongo ya ba da umarni. An kafa labarin a shekarar 2049, zamanin da babu wasan da ya kai tseren ƙattan mutum-mutumin ƙarfe farin jini. Kowace ƙungiya tana shiga fili da ƙato uku, kowanne da matuƙi a cikinsa, su bi hanya mai tsawon mil 60 da gudun da ya haura kilomita 560 a awa, suna tafe suna naushin juna. Mai kallo yana tare da ƙungiyar Satomi da matashin matuƙinta Takeshi, waɗanda ba su daɗe da hawowa rukunin manya ba. Yana ɗokin ganin wa zai ci. Ba ya tsayawa ya tambayi yadda aka yi ya amince cewa abin nan da ke sheƙa gudu a allo ƙarfe ne mai nauyin gaske, alhali layi ne da launi. Masu sa shi ya amince ɗin su ne masu sana'ar da nake son mu duba.

Sana'ar ta kasu gida biyu, kuma sau da yawa masu yin ta ba sa zama a ɗaki ɗaya. Akwai mai ƙirƙirar siffar injin, akwai mai motsa shi.

Mai ƙirƙirar siffa shi ke fara aiki. Kafin a zana ko da hoto ɗaya na shirin, shi zai fitar da takardun da kowa zai riƙa dubawa: ga ƙaton ta gaba, ga shi ta gefe, ga shi ta baya, ga tafin ƙafarsa, ga mazaunin matuƙi da duk maɓallan da ke ciki, ga mutum tsaye kusa da shi don a san bambancin tsawo. Dole ya nuna inda gwiwa ke lanƙwasawa da iyakar inda kafaɗa za ta iya juyawa, domin mutum talatin ko fiye za su zana wannan injin, wasu a Tokyo wasu a Seoul, kuma a ƙarshe ya fito iri ɗaya. Wanda aka fara rubuta sunansa da wannan muƙami a tarihin anime, wato zane mai motsi na Japan, shi ne Kunio Okawara, haifaffen 1947, wanda zanen yadi ya karanta a jami'a kafin ya shiga kamfanin Tatsunoko ya yi aikin shirin Gatchaman a 1972. Shi ne ya zana ƙaton shirin Gundam na 1979.

Mutum irin Okawara iyayen gida uku yake yi wa hidima a lokaci guda, kuma kowanne da abin da yake so. Darakta yana son injin da ya dace da labari. Kamfanin kayan wasan yara, wanda a wancan zamanin shi ke zuba kuɗin shirin, yana son abin da zai ja idon yaro a kanti, kuma wanda za a iya zubawa a roba ya tsaya da ƙafarsa. Masu zane kuwa roƙonsu ɗaya ne, a rage layi. Duk ɗan layin da mai ƙirƙira ya ƙara a ƙirjin ƙato don ado, wani zai sake zana shi sau dubbai da hannunsa. Gwanintar wannan aiki, a ganina, a nan take: siffar da za ta yi kama da na'ura mai sarƙaƙiya, amma da layuka ƙidayayyu. Gundam na farko bai samu kasuwa ba, har aka datse shi a kashi 43. Sai a 1980, da kamfanin Bandai ya fara sayar da ƙananan samfurinsa na roba da mutum ke haɗawa da kansa a kan yen 300, zanen Okawara ya zama dukiya, kuma har yau ana ƙera su a Shizuoka.

Idan ƙaton zai rikiɗa, aikin ya ƙara wuya. Shoji Kawamori, wanda ya ƙirƙiri jirgin Valkyrie na shirin Macross a 1982, jirgin yaƙi mai miƙewa ya zama mutum-mutumi, an san shi da haɗa samfuri da tubalan Lego don ya tabbata kowane ɓangare yana da wurin zuwa in an naɗe shi. Ƙattan IGPX ma suna da wannan hali, domin in an doshi ƙarshen tsere sukan naɗe jiki su koma siffar gudu.

Daga nan sai aiki ya koma teburin mai motsawa, kuma a nan ne na fi son daɗewa. Teburin yana da gilashi da fitila a ƙarƙashi, don ya hango zanen da ke ƙasa ta cikin takardar da ke sama. Kowace takarda tana da huda uku a bakinta da ake zurawa a wani ɗan ƙarfe, kada ta goce. Akwai fensir baƙi na jiki, da masu launi na nuna inda inuwa za ta faɗa da inda ƙarfe zai yi ƙyalli. Babban mai zane, wanda suke kira mai genga, yana zana manyan matakan motsi ne kawai: ƙafa a sama, ƙafa ta sauka, jiki ya nitsa. Sai ya cike wata doguwar takarda mai layi-layi, inda yake rubuta tsawon lokacin da kowane zane zai yi a allo. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, amma tun da Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin a 1963 da kuɗi kaɗan, anime ya saba da zane 8 a daƙiƙa, wani lokaci 12, sai a wurin da ya zama dole a cike 24 ɗin.

Wannan talauci ne ya koya musu dabara. Nauyi a zane lokaci ne. Abu mai nauyi ba ya tashi farat ɗaya, yana ɗan jinkiri kafin ya motsa, kuma in ya motsa ba ya tsayawa inda aka so, sai ya ɗan zarce. Mai genga da ya san aikinsa zai riƙe ƙafar ƙato a sama na ɗan lokaci, ya sauke ta da zane biyu kacal, sannan ya kashe zane shida a kan abin da ya biyo baya: gwiwa ta lanƙwashe, kafaɗa ta biyo a makare, ƙura ta tashi, hoton ya girgiza. Kuskuren zane ɗaya a wannan lissafi ya isa ya mai da ƙaton tan hamsin abin wasan yara. Ba a koyon wannan a littafi. Ana koyonsa ne da kallon tirela tana taka birki, da kallon katafila tana juya hannu, da juya takardu tsakanin yatsu har ido ya gane.

Tsere kuwa yana da tasa matsala ta daban. Ƙato biyu da ke gudu kafaɗa da kafaɗa, kamara tana bin su, a allo kamar a tsaye suke, tun da gudunsu ɗaya. Gudun sai a nemo shi a wani wuri: kwalta mai zubewa baya, ginshiƙan gefen hanya masu wucewa kamar walƙiya, tartsatsin wuta in ƙarfe ya gogi ƙarfe. Ga shi kuma ana son ƙaton ya yi sauri ya kuma yi nauyi, abubuwa biyu masu jan igiya. Ichiro Itano, wanda ya shahara a Macross da zana makamai masu linzami suna bin jirgi suna murɗewa a sama kamara na kutsawa tsakaninsu, ya sha ba da labarin yadda yana saurayi ya ɗaura kayan wasan wuta a babur, ya kunna su yana tafe, ya ga yadda suke in mutum na gudu tare da su. Har yau irin wannan fage da sunansa ake kiransa a Japan.

Abin da ya fi wahalar da hannu shi ne miƙaƙƙen layi. Fuskar mutum tana yafe ƙaramin kuskure, in kunci ya ɗan kumbura a zane ɗaya ba mai lura. Akwatin ƙarfe ba ya yafewa. In kamara za ta zagaya ƙato, dole a sake zana kowace kusurwa a sabon matsayi, kuma in layi ya goce da kaurin gashi, ƙarfen zai riƙa rawa a allo kamar an yi shi da kunu. Wannan ne dalilin da ya sa masu IGPX suka raba aikin: mutane a zanen hannu, ƙatta da filin tsere a kwamfuta. A kwamfuta sau ɗaya ake gina ƙaton, daga nan a juya shi ta ko'ina. Wanda yake son ganin kuɗin da ɗaya hanyar ke ci, ya nemi fim ɗin Redline na 2009, tseren motoci da Takeshi Koike ya yi a kamfanin Madhouse da zanen hannu. Ya ci shekara bakwai da zane wajen 100,000. Fim ne da ba ya tsufa, amma ba shirin mako-mako da zai iya bin sawunsa.

Akwai masoya anime da ke ɗaukar kwamfuta a matsayin abokiyar gabar wannan sana'a. Ban yarda da su ba. Kwamfuta in an bar ta da halinta, motsin da take bayarwa sumul yake, ba nauyi ba ƙarfi, kuma masu aiki da ita a kamfanoni irin su Orange da Sanzigen sun daɗe da gane haka. Suna cire hotuna da gangan don motsin ya yi tsalle irin na hannu, suna kumbura dunƙulen hannu in ya doso kamara ko da lissafi bai yarda ba, suna shafa inuwa mai kaifin baki. Duk wannan ilimin masu fensir ne. Itano kansa ya koma koyar da masu kwamfuta. Kayan aiki ne suka canja, idon da ke auna nauyi yana nan yadda yake, kuma tambayar ita ce a ina za a ci gaba da samun irin wannan ido.

A da amsar a bayyane take. Kowa yana farawa ne daga doga, wato cike gurbin da ke tsakanin zanen mai genga da tsabtace layinsa. Kamar yaron gareji ne da ke shekara yana wanke noti da kwance taya kafin a ba shi inji: aikin ba daɗi, amma a nan hannu ke faɗawa. Mai doga yana bin layin gwanaye dubu-dubu har lissafinsu ya shige shi, bayan shekara biyu ko uku a gwada shi da genga. Sai dai a yawancin kamfanoni ana biyansa ne a kan kowace takarda, wajen yen 200. Binciken da ƙungiyar masu zanen Japan, JAniCA, ta fitar a 2015 ya nuna matsakaicin abin da mai doga ke samu a shekara bai wuce yen miliyan 1.1 da 'yan kai ba, a garin da haya kaɗai ke iya lashe rabin wannan. Mafi yawan kamfanonin a Tokyo suke, musamman unguwannin Suginami da Nerima.

Ga inda abin ya fi ciwo ga mai zana inji. Takardar da ke ɗauke da bakin yarinya yana buɗewa, da takardar da ke ɗauke da ƙato mai layi ɗari yana juyawa, sau da yawa farashinsu ɗaya. Ta farko minti kaɗan ce, ta biyu tana iya cin awa biyu. Saurayin da ya zo Tokyo don yana ƙaunar ƙattan ƙarfe, tsarin biyan yana hukunta shi ne a kan abin da yake ƙauna. Wasu su gudu zuwa kamfanonin wasannin bidiyo inda albashi ya fi tsoka, wasu su koma gida. Kamfanoni kuma, don sauri da araha, suna tura doga Koriya ta Kudu da Sin da Filifin da Biyetnam. Ba laifin masu zanen can ba ne, da yawansu gwanaye ne. Amma matakin farko na tsani ya bar gida, kuma tsofaffin da suka zana ƙattan shekarun 1980 suna ta tsufa ba tare da isassun magada a gefensu ba.

Waɗanda suka tashi da kallon Voltron a tashar NTA sun ci moriyar waɗannan hannaye ba tare da sun sani ba, domin zakunan ƙarfen nan biyar daga shirin GoLion na kamfanin Toei na 1981 aka ɗauko su, aka sauya musu suna a Amurka. Kowace haɗuwar zakunan wani ne ya zauna ya zana ta takarda bayan takarda, wani yaron kamfani kuma ya bi gidaje da mota cikin dare yana karɓar ambulan ɗin zane don aiki ya isa a kan lokaci. Wannan yawon dare bai ƙare ba har yanzu, ko da yake allon zane na lantarki ya rage shi.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne, domin akwai waɗanda suka yi shi. Kamfanin Kyoto Animation yana ɗaukar masu zanensa aiki da albashin wata, yana kuma horar da su a makarantarsa, kuma ingancin aikinsa shaida ne. Anime yana shigo wa Japan da kuɗin da bai taɓa shigowa da su ba, daga Netflix da Crunchyroll da kasuwar kayan wasa. Masana'antar da ke sayar da Gundam na roba ɗaruruwan miliyoyi ba ta da hujjar biyan mai zana Gundam yen 200 a takarda. Muddin ba a biya mai doga albashin da zai riƙe shi shekara ukun farko ba, kuma ba a sa wa takardar inji farashin wahalarta ba, za a ci gaba da rasa masu wannan sana'a tun kafin su iya ta.