Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Mai karatu, wataƙila wannan ya taɓa faruwa a gidanka. Yaro ya gama cin tuwon dare, ya matso kusa, ya ce, "Baba, akwai wani wasan kwamfuta da nake so ka saya mini, ba shi da tsada." Mu iyaye kuwa sau da yawa ba mu san abin da ake magana a kai ba. Wani ya kan ƙi nan take, yaron ya tafi da ɓacin rai. Wani ya kan biya ido rufe, watau ya yi cinikin biri a sama. Duka biyu ba daidai ba ne. Bari mu ɗauki wasa guda, mai suna Hollow Knight, mu auna shi tare, domin mu ga yadda ake yanke shawara.

Da fari, su wane ne suka yi shi? Ba babban kamfani ba ne. Wata 'yar ƙungiya ce mai zaman kanta, Team Cherry, a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya, wadda Ari Gibson da William Pellen suka kafa. Da yake ba su da jari, a 2014 suka nemi gudunmawa ta Kickstarter, mutane fiye da 2,000 suka tara musu sama da dalar Ostareliya 57,000. Wasan ya fito a Fabrairu 2017. Zuwa 2025 an sayar da kwafi miliyan 15, a watan Satumba na shekarar kuma suka fitar da na biyunsa, Silksong.

Labarin wasan shi ne, wani ɗan ƙaramin jarumi mai kamar ƙwaro, da ƙusa a hannu a maimakon takobi, ya gangara cikin wata tsohuwar masarautar ƙwari a ƙarƙashin ƙasa, wadda annoba ta mai da ita kango. Yana yawo rami rami, yana faɗa, yana samun sabuwar dabara da za ta buɗe masa hanyar da ta gagare shi a dā.

Ta wajen kuɗi, lalle wasan yana da araha. An sa masa dalar Amurka 15, alhali manyan kamfanoni su kan sayar da nasu dala 60 ko 70. Babu talla a ciki, ba a kuwa neman ƙarin kuɗi a tsakiyar wasa, har ma sun yi masa ƙari sau 4 kyauta. A wasu lokatai na shekara a kan rage farashin zuwa rabi, saboda haka mai jira ba ya hasara. Amma fa dala 15, in aka canja ta zuwa naira ko sefa, kuɗin cefane ne na gaske. Kafin a biya sai a tabbata akwai abin da za a yi wasan da shi, wato kwamfuta, ko Nintendo Switch, ko PlayStation, ko Xbox. Masu shi ba su fitar da shi domin wayar hannu ba. Duk wanda ya tallata muku shi a waya, ku yi hankali da shi.

To, ainihin tsadar wasan ba a aljihu take ba, a lokaci take da haƙuri. Mutum ya kan ci awa 25 zuwa 30 kafin ya kai ƙarshen labarin, mai son ganin kome kuwa sai ya ninka wannan. Ba a nuna maka hanya. Taswira ma sai ka nemo mai zana ta ka saya. In an kashe jaruminka, kuɗin da ya tara su kan tsaya a inda ya faɗi. In ya sāke mutuwa kafin ya koma ya karɓo su, sun tafi ke nan. Yaro mai haƙuri zai koyi lura da sāke gwadawa. Mai saurin fushi kuwa zai yi jifa da abin wasan, kuɗinmu ya bi ruwa. Wanda jarrabawa ke gabansa, wannan ba lokacinsa ba ne.

Sai kuma abin da ido zai gani. Hukumar da ke auna wasanni a Amurka ta sa shi a sahun 'yan shekara 10 zuwa sama. Zane ne irin na hannu, ba tsiraici, ba ashar. Duk da haka wuraren suna da duhu, akwai kaburbura da fatalwa, jarumin kuma yana amfani da wani irin sihiri. Kowane gida ya duba wannan da idonsa, gama gani ya kori ji.

Akwai hanyar gwaji. Kasuwar Steam ta kan mai da kuɗi idan an nema cikin kwana 14, muddin ba a yi wasan ya kai awa 2 ba. Uba ko uwa su zauna kusa da yaron a wannan lokaci, su lura. Sa'ad da ya ɓace hanya, ko aka kā da shi sau uku a wuri ɗaya, me ya yi? Ya yi dariya ya sāke gwadawa, ko kuwa ya fara huci? Amsar tana nan a fuskarsa.

Ga shawararmu. Ga saurayi ko budurwa mai haƙuri, wanda ke karanta Turanci, a lokacin hutun makaranta, Hollow Knight ya ci kuɗinsa har da riba. Ga ƙaramin yaro, a dakata tukuna. In an saya, a yi yarjejeniya tun da wuri, cewa sai an gama aikin gida da na makaranta, kuma awa kaza a rana. Yaron da ya ga mun zauna mun auna roƙonsa da gaske, ko amsar ta zama "ba yanzu ba", zai fi karɓarta da sanyin zuciya, gobe ma wurinmu zai fara zuwa.