Kafin A Sayi Tukunyar Burukutu, A Yi Lissafi

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan kaka ta yi, dawa ta yi araha, waɗansu gidaje a ƙauyukanmu su kan fara tunanin sayen kayan dafa burukutu. Dalilin a fili ya ke. Sana'a ce ta mata tun kakanni a ƙasar Filato, kudancin Kaduna, Adamawa da Taraba, kuɗinta kuma yana shigowa kowane mako. Maƙwabtanmu ma suna yin irinta da dawa: a arewacin Ghana ana ce da ita pito, a Burkina Faso dolo, a arewacin Kamaru bilbil.

Ekklesiyoyinmu ba su zama baki ɗaya a kan maganar giya ba. Da yawa sun hana membobinsu dafawa da sayarwa da sha, waɗansu kuwa suna yin gargaɗi a kan buguwa. Wannan kowa ya ji daga bakin dattawan ekklesiyarsa. Abin da ya shafe mu a wannan takarda shi ne dawa da itace da lafiyar mutane, gama tukunyar nan tana taɓa rumbun kowa a ƙauye, da mai sha da wanda ba ya sha. Tukunya da randa sau ɗaya a ke saye. Dawa da itace kuwa kowane mako a ke nema.

Yadda dawa ta ke zama burukutu

Ba za mu gane amfanin kayan ba sai mun san aikin da su ke yi. Ƙwayar dawa cike ta ke da sitaci, sitaci kuwa ba ya zama giya sai ya fara zama sukari. Idan aka jiƙa dawa ta fara tsiro, ita da kanta ta kan fitar da wani sinadari da ke juya sitaci ya zama sukari domin ta ciyar da ɗan tsiron. Wannan sinadari ne mai dafa giya ta ke nema.

A kan jiƙa dawa kwana ɗaya ko ƙasa da haka, a tsame, a baza a inuwa, a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 3 zuwa 5. Sa'an nan a shanya a rana, a niƙa, a dama da ruwa, a bari ya kwanta. Mai dafawa ta kan tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, ta dafa na ƙasa shi kaɗai. Ga dalili: sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa 80, wannan zafi kuwa ya kan kashe sinadarin. Sinadarin yana cikin ruwan da aka tsiyaye, domin haka sai dafaffen ya ɗan huce kafin a mayar masa da ruwan, nan ne zaƙi ya ke fitowa. Daga nan a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi sa'o'i da yawa, a bari ya huce, a zuba yisti, wato ragowar giyar da ta gabata. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta nuna. Ƙarfinta ya kan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100.

Mu lura da abu ɗaya. Burukutu ba ta ajiyuwa. Bayan kwana biyu ko uku tsami ya kan fi ƙarfinta, abin da ba a sayar ba ya zama hasara.

Kayan aiki

Abin da a ke bukata ke nan: randa ko babbar roba ta jiƙo, tabarma da buhun algarara na tsiro, wurin shanya mai tsabta, manyan tukwane na dafawa, randunan da giya za ta nuna a ciki, muciya, mataci, ƙorai da murhu. Niƙa kuwa a injin ƙauye a ke yi. Wurin zaɓen tukunya ne mutane su ka fi yin kuskure, domin neman araha.

Tukunyar ƙasa ita ce mafi aminci. Tsami ba ya cinta. Aibinta fashewa, domin haka a ƙwanƙwasa ta kafin a biya, idan ƙararta ta dushe to tana da tsaga.

Duro na ƙarfe ya fi ɗaukar ruwa, ya fi saurin tafasa, amma yana da haɗari biyu. Na fari, yawancin duro da a ke sayarwa a kasuwa ya taɓa ɗaukar man inji, fenti ko maganin ƙwari, wanki da sabulu kuwa ba ya fitar da guban duka. Duron da ba a san abin da ya ɗauka ba, kada a saya ko da kyauta ne. Na biyu, tsami ya kan ci ƙarfe. A Afirka ta Kudu likitoci sun daɗe da gano cewa mutane da yawa masu shan giyar da aka dafa a duron ƙarfe, ƙarfe ya taru musu a hanta har ya lalata ta. Haka nan bokiti mai rufin tutiya bai dace da abu mai tsami ba.

Tukunyar alminiyum da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarafa ita ma sai a yi hankali da ita. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna cewa suna sakin gubar dalma, musamman idan an dafa abu mai tsami. Dalma ta fi cutar yara da mata masu ciki.

Roba ta yi kyau wajen jiƙo da ruwan sanyi idan sabuwa ce ko wadda ta ɗauki abinci. Kada a zuba mata tafasasshen abu.

Murhu kuma kada a raina shi. Duwatsu uku a fili suna barin iska ta kwashe zafi. Murhun da aka gina da laka, ya rungume tukwane biyu ko uku, da ƙofar itace guda, ya fi tattalin wuta. A Burkina Faso an gwada ingantaccen murhu a wurin masu dafa dolo, binciken da aka buga a 2015 ya sami ragin itace wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Kayan haɗi

Dawa ita ce gaba. Masu dafawa da yawa sun fi son jar dawa, waɗansu su kan haɗa da gero ko masara, waɗansu kuma su ƙara garin rogo. Kowace iri ce, dole ta zama mai rai. Kafin a sayi buhu, a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana 3. Idan waɗanda su ka tsira ba su kai 90 ba, a bar ta, gama matacciyar ƙwaya ruɓewa ta ke yi ta ɓata sauran.

Iri da aka cuɗe da magani domin shuka, wanda ya kan zo da launin ja ko shuɗi, guba ne. Ba a cinsa, ba a tsirar da shi domin sha. Haka kuma dawar da aka yi wa feshin maganin ƙwari a shago.

Sa'an nan fumfuna. Tsiro yana son laima da ɗumi, fumfuna ma abin da ta ke so ke nan. Wata irin fumfuna tana haifar da guba mai suna afalatoksin wadda ke cin hanta, tafasa kuma ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 mutum 125 su ka mutu saboda masara mai wannan guba. Domin haka a wanke dawa sosai, a baza ta ba da kauri ba, a riƙa juyawa, a wanke buhuna a shanya bayan kowane tsiro. Tsiron da ya yi kore ko baƙi ko yana warin ruɓa, a binne shi.

Kada wani ya ce lalataccen gari ai ya isa giya. A watan Janairu 2015, a garin Chitima na ƙasar Mozambik, mutane su ka sha giyar gargajiya ta garin masara bayan jana'iza. Mutum 75 su ka mutu, fiye da 200 su ka kwanta. Da fari an yi ta zargin maƙiya da maɗaciyar kada. Da aka bincika sai aka tarar wata ƙwayar cuta ce ta yaɗu a cikin garin da ruwa ya taɓa ya lalace, gubarta kuwa ba ta jin wuta.

Akwai kuma gubar tsiron kansa. Dukanmu mun san gyauron dawa ya kan kashe shanu da awaki. Guba ɗaya ce da ta rogo mai ɗaci, tana kuma cikin saiwa da ɗan ganyen tsiro. Shanya a rana ba ta kawar da ita. Idan tsiro ya bushe a murza shi, a sheƙe, a zubar da saiwoyin inda dabbobi da yara ba za su kai ba. Doguwar tafasa tana korar mafi yawan abin da ya rage. Kada a bar yara su tauna ɗanyen tsiro don zaƙinsa.

Ruwa kuma ya zama na sha. An tafasa giyar, gaskiya ne, amma ruwan da a ke wanke ƙorai da randuna ba a tafasa shi ba.

Lissafi

Ga misali. Mu ɗauki buhu mai kilo 100 wanda ke cin mudu 80. A ce gida yana dafa mudu 20 kowane mako. A shekara mudu 1,040 ke nan, wato buhu 13. Babban mutum wanda tuwo da kunu ne abincinsa ya kan ci wajen rabin kilo na hatsi a rana. Buhu 13 kuwa abincin mutum 7 ne na shekara guda. Tun wurin tsiro ma, cikin kowane mudu 10 nauyin mudu ɗaya ko biyu ya kan tafi, gama ƙwayar tana cin kanta tana girma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗebi dawa daga rumbu a ce ba a saya ba. An saya mana, da gumi. Wadda aka dafa da kaka tana araha ita ce za a je nema a kasuwa a watan Yuli da Agusta da tsada. Domin haka a rubuta kuɗin dawa a kan farashin damina. A ƙara itace, niƙa, ɗiban ruwa, tukunyar da ta fashe, giyar da ta yi tsami, da bashin mashaya wanda ba ya dawowa. A sa ladan kwanakin da matar ta yi a bakin wuta tana shaƙar hayaƙi. A gefen riba a rubuta kuɗin da ya shigo hannu da dusar da aladu su ka ci. Abin da ya rage shi ne riba, idan akwai.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafi. Idan mai gida ya zama babban mai ciniki a gidansa, riba ta koma ciki. Giya tana cutar jaririn da ke cikin mahaifa, ba ta kuma dace da yara ba ko kaɗan.

A san doka kuma. Tun daga shekara ta 2000 jihohi 12 na Arewa su ka kafa shari'ar Musulunci, a wurare da yawa cikinsu an hana dafa giya da sayar da ita. A sauran wurare a tambayi ƙaramar hukuma maganar lasisi kafin a kashe ko kwabo.

Waɗansu hanyoyi da kayan nan

Randa da tabarma da tukunya da gwanintar yin tsiro suna da amfani ko ba giya. Da tsiro a ke sa wa kunun zaƙi zaƙinsa, kunu kuwa kowa yana saye, Kirista da Musulmi, yaro da babba.

Garin tsiro kuma yana taimakon yaran da su ka wuce wata 6. Uwaye su kan tsinka kunu da ruwa domin yaro ya iya haɗiya, sai cikinsa ya cika da ruwa. Idan aka dama kunu mai kauri, ya ɗan huce, aka zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro da aka murje aka sheƙe, cikin 'yan mintoci ya kan tsinke da kansa, ƙarfin abincin yana nan. Sai a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ba yaro. A Tanzaniya ana kiran wannan gari kimea, an kuma koya wa uwaye amfani da shi tun shekarun 1980.

Ga kuma kasuwar dawa kanta. A 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin giya da na abin sha na malt su ka koma ga dawa, kamar irin SK5912 da aka fitar a Samaru, Zariya. Daga baya an janye hanin, amma kamfanoni ba su daina sayen dawa ba. Suna son iri ɗaya ba gauraye, busasshiya, ba tsakuwa, mai tsirowa. Manomi ɗaya ba zai cika mota ba, ƙungiya kuwa za ta iya. Ƙungiyar da ba ta son dawarta ta shiga giya sai ta tambayi mai saye inda za a kai ta.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

Buhu nawa na dawa ke shiga tukunyar giya a ƙauyenmu a shekara, gida nawa kuma ke sayen hatsi da damina? Daga ina itacen ya ke fitowa, wa ke shuka madadinsa? Idan mace ta nemi rancen ƙungiya domin sana'a, wace sana'a za mu iya taya ta kafawa wadda za ta kawo kuɗi kowane mako? A zo taro na gaba da amsoshi a rubuce, mata kuma a ba su dama su fara magana, gama su ne su ka san lissafin nan.