Mai masauki, wanda ƙidaya ta manta da shi

Da an ce 'yan gudun hijira, tantuna ake hangowa a jere, irin na Minawao kusa da Mokolo a Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, ko na Sayam Forage a jihar Diffa ta Nijar. Amma tun da hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta fara bin diddigin waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da muhallansu a 2014, rahotanninta abu ɗaya suke nanatawa: cikin mutum sama da miliyan biyu a arewa maso gabashin Najeriya, mafi yawa ba a sansani suke ba. A gidajen mutane suka sauka.

Bayan harin Baga na Janairun 2015, gidaje da yawa a Maiduguri sun mayar da soro ɗakin kwana. Uwargidan da ta saba auna tiya ɗaya sai ga ta tana auna uku, yara suna kwana a tsakar gida, layin jarkoki a bakin famfo ya kai kan titi. Maigidan da ya ɗauki wannan nauyi ba shi da katin karɓar abinci, don shi ba gudowa ya yi ba.

Masu bincike sun daɗe da gano wannan giɓi. A 1986 Robert Chambers ya yi rubutu kan talakawan masu masauki, ya nuna cewa zuwan baƙi ba ya taɓa kowa daidai. Mai babbar gona ya samu 'yan ƙwadago da araha, mai shago ya samu masu saye. Ɗan ƙwadagon garin kuwa ladansa ya faɗi, hatsi ya yi tsada, itacen girki ya yi nisa. Gaim Kibreab, masani ɗan Eritiriya, ya ƙalubalanci yawan yabon karamcin mutanen Afirka, kuma ina ganin ya yi gaskiya. Karamcin akwai shi, mun gan shi da idonmu. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda yabon ke zama mafakar hukumomi, a yaba wa talaka da baki a bar shi da buhu fanko.

Doka ma ta san da mai masauki. Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan waɗanda aka raba da muhallansu ta ambaci tallafa wa al'ummar da ta karɓi baƙi, Nijar kuma ta riga sauran ƙasashen nahiyar mayar da ita dokar cikin gida a 2018. A aikace dai rabo sunan da ke rajista yake bi.

Da gwamnatin Borno ta rufe sansanin Bakassi da ke Maiduguri a 2021, wasu sun koma garuruwansu. Waɗanda suka ji tsoron komawa sun bazu cikin unguwanni, wani ya kama hayar kango, wani ya sake yin sallama a ƙofar ɗan'uwan da ya sauke shi shekarun baya.