Wuƙar Aljihu Ta Hannu: Daga Ina Mai Tarawa Zai Fara?

Wuƙar aljihu ta gargajiya ba ta da makulli. Abin da ke riƙe ruwanta, a buɗe ko a naɗe, wani siririn ƙarfe ne da ke kwance a gadon bayanta, wato sifirin, wanda ke danne gindin ruwan. A wannan ƙarfe gwanintar maƙeri take. Idan ya yi tauri, farcen mai ita zai karye wajen buɗewa. Idan ya yi sanyi, wuƙa za ta rufe masa a yatsa. Shi ya sa gogaggen mai tarawa, kafin ya kalli adon ƙota, yakan buɗe wuƙar a hankali ya ji santsin tafiyarta, ya sake ta ya saurari ƙarar rufewarta, sannan ya shafa bayanta da babban yatsa. A aikin ƙwarai sifirin yakan zauna daidai da ƙota, ba tudu ba rami, kuma in an ɗaga ta ga haske ba a ganin kafa.

Garin Shefil na Ingila ne ya daɗe yana koya wa duniya wannan sana'a. Can aka haifi samfurin Barlow mai doguwar kwalar ƙarfe a wuya, kuma can Stan Shaw, ɗaya daga cikin na ƙarshen maƙeran garin masu zaman kansu, ya yi ta aiki har kusan rasuwarsa a 2021 yana da shekara 94. Masu son wuƙarsa sukan yi jiran shekaru. A Amurka kuwa Tony Bose na jihar Indiyana, wanda ya rasu a 2020, shi ya farfaɗo da tsofaffin samfura, yana kwance wuƙaƙen da suka tsufa yana kwaikwayon tsarinsu da hannu. Daga 1999 kamfanin Case ya riƙa fitar da wuƙaƙe bisa zanensa.

A nan sabon shiga yake yawan ruɗewa. Wuƙar da Bose ya ƙera a maƙerarsa daban, wadda Case ya buga da sunansa daban, kuma tazarar kuɗinsu mai nisa ce. Ta Laguiole ta fi haka rikici. Sunan wani ƙauye ne a yankin Aveyron na Faransa, inda aka fara ƙera ta wajen 1829, amma da yake an daɗe ba a kare sunan ba, kasuwa ta cika da na Sin da na Pakistan, kowacce da ɗan ƙudan zumanta a baya. Ƙudan ba shaida ba ne. Shaida ita ce tambarin maƙeri a gindin ruwa, da sanin hannun da wuƙar ta bi kafin ta iso gare ka.

A ganina, kuskure ne mutum ya fara da wuƙar babban maƙeri. Ido da yatsa sai sun yi makaranta, kuma makarantarsu ita ce wuƙar kamfani mai sauƙin kuɗi: Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara a 1890, ko Case, ko ta Great Eastern Cutlery da aka kafa a Fensilbaniya a 2006. Case ma ya sauƙaƙa wa masu tarawa, domin a 1970 ya sa ɗigo goma a gindin ruwa, yana cire ɗaya kowace shekara, don haka ana iya karanta shekarar ƙira. Bayan haka a zaɓi samfuri guda, Barlow ko stockman mai ruwa uku ta makiyayan Amurka, a tara shi daga hannaye dabam-dabam. Barlow biyar daga maƙera biyar sun fi koyarwa a kan tarkace hamsin marasa dangantaka.

Ƙota ita ce mai jan ido, ita ce kuma mai jawo rigima. Ƙashin saniya da aka rina aka sassaƙa, da ƙahon barewa, da katako, duk ba laifi, sai dai ƙashi da ƙaho suna tsagewa in iska ta bushe ƙwarai, abin da mai zama a ƙasar hunturu ya kamata ya sani. Hauren giwa kuwa a bar shi: yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma jami'an kwastan na iya ƙwace wuƙar komai tsufanta in babu takarda.

Da yawa daga cikin waɗannan wuƙaƙe da ƙarfe mai tsatsa ake yin su, irin wanda ake kira 1095, saboda yana ɗaukar kaifi da wuri. Da amfani yakan yi duhu-duhu, kuma wannan duhun ba aibi ba ne. Ɗigon mai a mahaɗa da tsumma busasshe sun isa. Wanda ya ɗauki tsohuwar wuƙa ya kai ta injin goge ƙarfe don ta yi ƙyalli, ya share tambarin maƙeri, ya kuma zubar da mafi yawan kuɗinta.